Neman mai fassara Sifaniyanci zuwa Turanci wanda ya san karin magana

Wata malama da ke aiki a wani ƙaramin kamfanin ɗab'i ta aiko mini da tambaya. Ta ce sun samu izinin fassara littafin wata dattijuwa 'yar ƙasar Kolombiya wadda ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙauye, kuma da wuya a buɗe shafi ba a ci karo da karin magana ko adon magana ba. Da yake ba su samu wanda ya haɗa Sifaniyanci da Hausa ba, sun yanke shawarar a fara mayar da littafin Turanci, daga nan wani ya ɗauko shi ya zuba cikin Hausa. Abin da take son sani shi ne inda ake samun mai fassara daga Sifaniyanci zuwa Turanci wanda ya ƙware a karin magana, da kuma yadda za ta tabbatar ya iya aikin, alhali ita ba ta jin ko kalma ɗaya ta Sifaniyanci.

Malama, na gode da wannan tambaya, domin ta taɓo abin da na daɗe ina fama da shi a aikin tace fassara. Abu na farko da ya kamata ki sani shi ne, a cikin manyan ƙungiyoyin mafassara da zan ambata miki babu wadda take ba mutum takardar shaidar cewa shi gwanin fassara karin magana ne. Za ki ga shafukan neman mafassara a intanet sun ware fanni mai wannan suna, za ki kuma ga mutane da yawa sun sa shi cikin abubuwan da suka ce sun ƙware a kai, amma kowa da hannunsa yake zaɓar abin da zai rubuta a ƙarƙashin sunansa, ba tare da wani ya jarraba shi ba. Saboda haka shafukan nan za su ba ki sunayen waɗanda za ki tuntuɓa ne kawai. Tantance gwani kuwa aikinki ne, kuma za ki iya yin sa ko da ba kya jin harshen, muddin kin san abin da kike dubawa.

Masu Sifaniyanci suna rarrabe abubuwa biyu da ya kamata ki riƙe sunayensu, domin za su yi miki amfani wajen bincike da wajen magana da mafassara. Akwai refrán, wato cikakkiyar jimla mai ɗauke da hikima, irin abin da muke kira karin magana. Akwai kuma modismo ko frase hecha, abin da nake kira adon magana a nan, wato 'yan kalmomin da idan aka haɗa su sai su ba da ma'anar da ba ta cikin ko ɗaya daga cikinsu, kamar yadda muke cewa wane yana da farin jini, ko yana da dogon hannu, ko ya ci fuskar wani. Kalmar dicho tana iya ɗaukar duka biyun a bakin mutane. A ganina adon magana ya fi karin magana haɗari ga mai fassara, saboda karin maganar Sifaniyanci sau da yawa tana da amsa-amo da tsarin da ke nuna kanta, ita kuwa adon magana tana ɓuya a cikin jimla kamar maganar yau da kullum, har mutum ya fassara ta kalma da kalma ya wuce bai san ya yi ɓarna ba.

Daga nan sai batun ƙasa, wanda a littafinki ya fi kowane abu muhimmanci. Sifaniyanci harshen hukuma ne a ƙasashe ashirin, har da Ikwatoriyal Gini a nan Afirka, kuma waɗanda suka tashi da shi a baki sun kusa miliyan 500. Harshen jarida da na littattafan makaranta kusan ɗaya ne a ko'ina, amma harshen kasuwa da na tsakar gida ya sha bamban, kuma a nan ne karin magana take zaune. Na taɓa tace wata fassara inda mai aikin, wanda ya yi shekaru a Sifaniya kuma Turancinsa ba shi da makusa, ya sa wata tsohuwa tana shan jar giya kowace asuba kafin ta tafi gona. Kalmar da ke cikin asalin ita ce tinto, wadda a Sifaniya jar giyar inabi ce, a Kolombiya kuwa baƙin kofi ne da ake sha a ɗan ƙaramin kofi. Kalma ɗaya ta sauya halin matar gaba ɗaya a idon mai karatu. Haka nan echar los perros, wato sakin karnuka a kan mutum, a Sifaniya yana nufin yi wa mutum kaca-kaca da faɗa, a Kolombiya da Meziko kuwa yana nufin neman soyayya. Idan 'yan Kolombiya suka ce za su yi saniya, hacer una vaca, karo-karo za su yi don sayen wani abu. Idan uwa ta ce wa ɗanta kada ya ba da gwanda, no dar papaya, tana gargaɗinsa ne kada ya yi sake har a cuce shi, kusan abin da muke nufi da cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ita kuwa guagua, a Kyuba motar bas ce, a Cile jariri ne.

Don haka wanda kike nema shi ne mutumin da ya zauna a Kolombiya, ko ya daɗe yana fassara marubutan ƙasar, kuma ya fi kyau idan ya san yankin da dattijuwar ta fito, domin maganar mutanen gaɓar tekun Karibiyan ta bambanta da ta mutanen duwatsun Antioquia da ta birnin Bogota. A ɗaya ɓangaren kuma, Turanci ya zama harshen da ya tashi da shi ko wanda ya fi ƙarfi a kansa. Al'adar sana'ar ita ce mutum ya fassara zuwa harshensa na farko, kuma a fagen karin magana wannan al'ada tana da hujja mai ƙarfi, domin gane ma'anar magana abu ɗaya ne, sanin ko takwararta ta Turanci ta tsufa, ko ta yi tsauri, ko ba ta dace da bakin tsohuwar ƙauye ba, wani abu ne dabam da sai wanda ya sha harshen a nono ke ji a jikinsa. Akwai waɗanda suka tashi da harsunan biyu, musamman 'ya'yan 'yan Kolombiya da aka haifa a Amurka, kuma a cikinsu akan samu gwanaye, sai dai su ma ki jarraba su kamar kowa, domin jin harshe biyu bai wadatar ga iya rubutu ba.

Wurin da zan ce ki fara dubawa shi ne ƙungiyoyin masu fassara adabi, saboda su ne ke cin karo da karin magana kullum. A Amurka akwai American Literary Translators Association, wadda aka kafa a 1978, a Birtaniya kuma akwai Translators Association da ke ƙarƙashin ƙungiyar marubuta ta Society of Authors tun 1958. Ita Society of Authors ce take kula da gasar Premio Valle Inclán, wadda ake ba wanda ya fi iya fassara littafi daga Sifaniyanci zuwa Turanci, kuma jerin waɗanda suka ci da waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a shekarun baya yana nan a buɗe ga kowa. Ki bi jerin ki ware waɗanda suka fassara marubutan Kolombiya. Haka nan kamfanonin ɗab'in da suka duƙufa a kan adabin Latin Amurka, irin Charco Press da ke Edinbara, suna rubuta sunan mai fassara a jikin kowane littafi, kuma mafi yawan mafassaran nan suna da shafinsu na intanet da hanyar tuntuɓarsu. Waɗanda suka yi suna ƙwarai za ki iske ayyuka sun yi musu yawa ko kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙaramin kamfani, amma kada ki ji nauyin rubuta musu, domin sana'a ce da mutanenta suka san juna, kuma sau da yawa wanda bai samu dama ba zai nuna miki ɗalibinsa ko abokin aikinsa. A cikin duk hanyoyin da na gwada, wannan ta nunin wani gwani ita ce ta fi ba ni sakamako mai kyau.

Bayan su sai manyan ƙungiyoyin sana'ar baki ɗaya, waɗanda ke da rajistar mambobi da ake bincikawa ta harshe da fanni. American Translators Association, wadda aka kafa a 1959, tana da jarrabawa ta musamman daga Sifaniyanci zuwa Turanci, jarrabawa ce ta awa uku da ba kowa ke tsallake ta ba. A Birtaniya akwai Institute of Translation and Interpreting, wadda ta fara a 1986, da Chartered Institute of Linguists, mai ba da difilomar fassara da ake kira DipTrans, wadda darajarta take daidai da matakin digiri na biyu. A Kolombiya kanta akwai ƙungiyar ACTTI ta mafassara da tafintoci, inda za ki iya samun Turawan da suka zauna a ƙasar suna wannan aiki. Takardun waɗannan ƙungiyoyi suna tabbatar miki cewa mutum ya iya fassara kuma yana bin ƙa'idar sana'a, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma ba su ce komai a kan karin maganar ƙauye ba. Mafassaran da hukuma ta rantsar, waɗanda a Sifaniya ake kira traductor jurado, aikinsu takardun kotu ne da shaidar haihuwa da makamantansu, ba su kike bukata ba.

Sai kuma shafin ProZ.com, wanda aka buɗe a 1999, kuma shi ne mutane suka fi faɗawa idan suka fara wannan bincike. A can akwai fanni mai suna "Idioms / Maxims / Sayings", kuma abin da na faɗa a farko ya shafe shi: kowa na iya zaɓarsa. Amma shafin yana da wani sashe mai amfani da ake kira KudoZ, inda mafassara ke tambayar juna ma'anar kalma ko jimlar da ta gagare su, wasu su amsa, kuma amsoshin suna nan a ajiye kowa na iya karantawa. Idan kin ga wanda ya yi miki, ki buɗe amsoshin da ya bayar a wannan fanni, waɗanda bayaninsu yawanci da Turanci ne. Kada yawan makinsa ya ruɗe ki, domin maki yana iya taruwa ga wanda ya fi saurin amsawa. Ki duba ko yana tambayar daga wace ƙasa rubutun ya fito kafin ya amsa, ko yana neman a ba shi jimlar da ta gabata, ko yana bayyana dalilin da ya sa ya fifita wata fassara a kan wata. Wanda ke yin haka yana da irin hankalin da littafinki ke bukata.

Idan kin tara mutum uku ko huɗu, sai jarrabawa. Ki nemi marubuciyar ko wanda ya ba ku izini ya nuna miki shafi ɗaya ko biyu, kalmomi kamar 400, inda maganganun gargajiya suka fi cunkushewa, ki aika wa kowannensu shafin nan ɗaya, kuma ki biya su kuɗin wannan gwaji. Gwanaye da yawa ba sa karɓar gwajin kyauta, kuma suna da gaskiya. Ki roƙi kowa ya haɗa fassararsa da ɗan bayani a kan kowace karin magana ko adon magana da ya gani: abin da kalmomin ke cewa a zahiri, abin da ake nufi, da dalilin abin da ya zaɓa. Daga nan ki jera bayanan gefe da gefe. Idan biyu sun gano guda tara, ɗaya ya gano biyar, kin san wanda huɗu suka wuce shi, ba tare da kin ji Sifaniyanci ba. Ki lura musamman da karin maganar da aka gutsure, domin masu Sifaniyanci suna yin abin da muke yi, su faɗi rabi su bar wa mai sauraro sauran. Tsohuwa za ta ce cuando el río suena, wato idan kogi ya yi ƙara, ta yi shiru, kowa ya san tana nufin ruwa ba ya tsami banza. Wanda bai san cikon ba zai rubuta jimla a kan ƙarar kogi a tsakiyar hirar da babu kogi a cikinta.

Akwai wata karin magana da nake son ganin yadda mai fassara zai yi da ita, ojos que no ven, corazón que no siente, wato idanun da ba su gani ba, zuciyar da ba ta ji ba. Mutane da yawa suna gaggawar ba ta takwarar Turanci mai cewa wanda ya ɓace wa ido ya ɓace wa zuciya, alhali a mafi yawan wurare abin da ake nufi shi ne, abin da ba ka sani ba ba ya ɗaga maka hankali, kamar matar da ake ɓoye wa wani labari don kada ranta ya ɓaci. Turanci yana da karin magana dabam ga kowace ma'ana, kuma sai an karanta abin da ke gaba da baya ake sanin wadda ta dace. Mai fassarar da ya rubuto miki tambaya a kan irin wannan wuri ya fi wanda ya miƙo aiki sumul ba tare da tambaya ko ɗaya ba, domin littafin da ke cike da maganar ƙauye ba zai rasa wuraren da sai marubuciyar ce za ta warware ba.

Masaniyar fassara Mona Baker, a littafinta In Other Words na 1992, ta bayyana hanyoyin da mafassara ke bi da adon magana: a samo wadda ta yi daidai a ma'ana da siffa, ko wadda ta yi daidai a ma'ana kawai, ko a warware ma'anar da magana ta fili, ko a bar ta idan babu abin da za ta rage. Duk wanda ya karanci fassara a jami'a ya san wannan, kuma babu hanyar da ta fi sauran a kowane hali. Gwaninta tana wajen sanin wadda ta dace da wannan jimla a bakin wannan mutum. Matsalar kuma tsohuwa ce a tsakanin harsunan nan biyu, tun lokacin da Thomas Shelton ya fitar da fassarar Turanci ta farko ta Don Quijote a 1612, littafin da wani bara mai suna Sancho Panza ke jero karin magana a cikinsa har ubangidansa ya riƙa yi masa faɗa, kuma kowane mai fassara da ya biyo baya sai da ya sake yanke hukuncin kansa a kan waɗanda zai musanya da na Turanci da waɗanda zai bari da kamanninsu.

A nan ne aikinku ya bambanta da na sauran masu neman fassara, kuma ina roƙonki ki ba wannan batu muhimmanci. Ku Turancin gada ce kawai, Hausa ce masauƙi. Mai fassarar da ya ƙware wajen musanya karin maganar Sifaniyanci da ta Turanci, wanda mai karatu a Landan zai yaba masa, shi ne zai iya yi muku asarar da ba za ku taɓa sani ba. Ga misalin da ya fi tsaya mini a rai. Masu Sifaniyanci suna cewa cuando las barbas de tu vecino veas pelar, pon las tuyas a remojar, wato idan ka ga ana aske gemun maƙwabcinka, jiƙa naka, kuma a wasu ƙasashen Latin Amurka ana faɗinta da cewa idan ka ga gemun maƙwabcinka yana ci da wuta. Kowane Bahaushe ya san wannan magana: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Turancin yau ba shi da gemu a wannan wuri, don haka gwanin mai fassara zai ɗauko wata karin magana ta Turanci a kan cewa wanda aka gargaɗa ya shirya. Mai zuba littafin cikin Hausa ba zai ga gemu ba, ba zai ga ruwa ba, sai ya rubuta wata jimla a kan gargaɗi, alhali dattijuwar nan ta Kolombiya ta faɗi abin da kakarsa ke faɗi kusan kalma da kalma.

Haka abin yake a maganganun da ke ambaton Allah, waɗanda suke da yawa a bakin tsofaffin ƙauyukan Latin Amurka. A quien madruga, Dios le ayuda yana nufin wanda ya yi sammako Allah yana taimakonsa, amma takwarar da aka saba ba ta a Turanci tana magana ne a kan tsuntsun da ya riga sauran fita ya samu tsutsa. Ma'anar ta kusa, sai dai an cire Allah an sa tsuntsu, kuma idan aka yi haka sau ashirin a cikin littafi, matar da ba ta buɗe baki ba tare da ambaton Ubangiji ba za ta iso Hausa a matsayin wata mace dabam. Kalmar ojalá ma, wadda masu Sifaniyanci ke faɗi idan suna fatan wani abu, asalinta Larabcin Andalus ne mai ma'anar in Allah ya so, gadon zaman Musulmi a can daga 711 zuwa 1492, kuma ko da yake yawancin masu faɗinta yau ba sa tuna wannan asali, mai fassara zuwa Hausa ya cancanci ya san tana wurin don ya yanke hukunci da kansa. Wani lokaci kuma harsunan uku suna haɗuwa lafiya: el hombre propone y Dios dispone tana da takwara a Turanci, mu kuma muna cewa kana naka Allah na nasa. De tal palo, tal astilla, wato yadda itace yake haka tsagensa yake, ita ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma abin da suke cewa tsuntsu ɗaya a hannu ya fi ɗari a sama shi ne ƙwai a baka da ya fi kaza a akurki.

Saboda haka ki gaya wa mai fassarar tun a wasiƙar farko cewa aikinsa zai zama tushen wata fassara, kuma ki nemi abu biyu daga gare shi. Na farko fassarar Turanci mai sauƙi, wadda ba ta cika da adon maganar wata ƙasa ba. Turancin Amurka yana da maganganu da yawa da suka fito daga wasan besbol, na Ingila kuma daga wasan kurket, kuma waɗannan za su ƙara wa mai fassarar Hausa wani kulli ne a kan wanda ake son kwancewa. Na biyu jadawali da zai bi littafin shafi bayan shafi, inda kowace karin magana ko adon magana za ta zo da asalinta, da fassararta kalma da kalma, da ma'anarta a wannan wuri, da bayanin ko magana ce ta tsofaffi, ko ta barkwanci, ko mai zafi, ko marubuciyar ta murɗa ta da gangan. Wannan jadawali ƙarin aiki ne mai cin lokaci, dole a biya shi dabam, kuma a ganina shi ne kuɗin da ya fi kowane amfani a cikin kasafinku. Wanda ya nuna jin daɗi da wannan bukata, har ya fara tambayarki yadda Hausa ke faɗin abu kaza, ki riƙe shi da kyau.

Za ki iya kuma tambayarsa littattafan da yake dubawa idan magana ta shige masa duhu, amsarsa za ta nuna miki zurfinsa. Wanda ya san fagen zai ambaci Refranero multilingüe na Cibiyar Cervantes, wanda ke jera karin maganar Sifaniyanci da takwarorinta a wasu harsuna har da Turanci, kuma kyauta ne a intanet, ke ma za ki iya duba shi. Zai ambaci Diccionario de americanismos, ƙamus na kalmomin Latin Amurka da ƙungiyar cibiyoyin kula da harshen Sifaniyanci ta fitar a 2010, wanda ke nuna ƙasar da ake amfani da kowace ma'ana, da ƙamus na maganganun Kolombiya da Cibiyar Caro y Cuervo ta Bogota ta fitar a 2018, da ƙamus na adon magana da Manuel Seco da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, wanda shi ya shafi Sifaniyancin Sifaniya ne. Amsar da ta fi duk waɗannan daɗi a kunnena ita ce ya ce yana da mutane a yankin da yake kira ya tambaya, domin maganganu da yawa na ƙauye ba su taɓa shiga ƙamus ba.

Batun injin fassara yana bukatar a rubuta shi ƙarara a yarjejeniya. Injinan yanzu suna gane sanannun adon magana irin tomar el pelo, wato zolaya, amma suna yawan tuntuɓe a kan na yanki, da waɗanda aka gutsure, da waɗanda marubuci ya juya, kuma kuskurensu yakan fito cikin Turanci mai santsi da ba ya nuna alamar kuskure. Ki rubuta cewa mutum ne zai yi aikin da kansa. Ki rubuta cewa za a lissafa kuɗi a kan adadin kalmomin asalin Sifaniyanci, domin shi ne adadin da kowa ya sani tun kafin a fara, kuma Turanci yakan fito gajere fiye da shi. Ki sani kuma fassarar adabi tana da haƙƙin mallaka na wanda ya yi ta, don haka a fayyace cewa ya amince a ɗauko daga aikinsa zuwa Hausa, a kuma rubuta sunansa a littafin tare da na mai fassarar Hausa. A biya kashi-kashi, babi ko babi biyu a lokaci guda, don ki ga aikin yana tafiya kafin kuɗi su ƙare.

Ƙa'idar ISO 17100 ta 2015, wadda kamfanonin fassara ke bi, ta wajabta wani mutum na biyu ya gwada fassara da asalinta kafin a miƙa ta. A littafinku wannan mutum na biyu ya kamata ya zama ɗan Kolombiya mai jin Turanci sosai, kuma idan kuɗi ba za su kai ya bi dukan littafin ba, ya bi jadawalin karin maganar kawai, ya kuma karanta babi biyu ko uku yana neman waɗanda suka kuɓuce. Sassan koyar da Sifaniyanci a jami'o'i wuri ne mai kyau na samun irinsa a cikin ɗaliban digiri na biyu da na uku. Daga ƙarshe ki sa a yarjejeniya cewa mai fassarar Turanci zai ware wasu awoyi, waɗanda za a biya shi, don amsa tambayoyin mai fassarar Hausa idan shi ya fara nasa aikin, domin mafi yawan tambayoyin ba za su taso ba sai wata uku ko huɗu bayan an miƙa Turancin, lokacin da wancan ya riga ya shiga wani littafi.